Dutsen da ya faɗo daga sama: na mai fili ne, ko na wanda ya tsinta?



Sarakunanmu da hakimai, arɗo-arɗo, rugga da garso, iyayenmu mata, da ku fataken bisashe da dillalai da kuka baro kasuwa don wannan zama, ina gaishe ku gaba ɗaya, ina yi muku barka da zuwa. Allah Ya sa kun baro gida lafiya, Ya sa ku tarar da garke lafiya.

Magabatan ƙungiya sun ɗora mini in yi bayani a kan wani abu da ba mu saba tattaunawa ba. Mun saba da maganar burtali, da mashaya, da tarar ɓarna, da allurar bisashe. Yau maganar dutse zan yi, dutsen da ke faɗowa daga sama. In ya faɗo a filin wani, na wane ne? Na mai fili ne, ko na wanda ya tsinta, ko na hukuma? Na ga wasu a can baya suna murmushi, suna cewa ina ruwan makiyayi da dutse. Ku kasa kunne tukuna. Maganar dutsen nan maganar fili ce, maganar fili kuwa kun san ita ce ciwon da ya daɗe yana cinmu.

Ran 16 ga Nuwamba 2023, a hamadar jahar Agadas, wajen kilomita 90 yamma da Shirfa, wani mai yawon neman irin waɗannan duwatsu ya tsinci ɗaya, ja-ja haka, mai nauyin kilo 24 da ɗoriya. Ku ɗauka kamar kantu guda na gishirin Bilma, namiji ɗaya yana ɗaga shi ya ɗora wa raƙumi. Dutsen ya bar ƙasar nan, ya ɓulla a Italiya. Masana na can suka bincike shi, aka nuna shi ga jama'a a birnin Rum a 2024. An tabbatar daga duniyar Mars ya fito, kuma duk cikin gutsattsarin Mars da aka taɓa samu a bayan ƙasa babu wanda ya kai shi girma. Ran 16 ga Yuli 2025 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa a birnin Niyu Yok na Amurka. An sallama a dalar Amurka miliyan 4 da dubu 300. Da aka haɗa da la'ada da sauran caji, ya tashi wajen miliyan 5 da dubu 300. Da kuɗinmu na sefa, kusan miliyan dubu 3 ke nan. Fatake, ku kuka iya lissafi. In an yi wa bijimi guda kuɗi jika 300, kuɗin dutsen nan bijimai dubu 10 ne. Ba a faɗi sunan wanda ya sayar ba, ba a faɗi sunan wanda ya saya ba.

Gwamnati a Yamai ta ce ba ta yarda ba, abin ya yi kama da fasa-ƙwauri, ta sa a yi bincike. Kamfanin gwanjo ya ce shi kam takardunsa cikakku ne, an bi ƙa'ida wajen fitar da dutsen. Bayan ƴan makonni shugaban ƙasa, Janar Abdurahaman Tiani, ya dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da duwatsun sama zuwa waje. Sai dai a lokacin hukuma da bakinta ta yarda cewa Nijar ba ta da doka ta musamman a kan dutsen sama. To a nan gizo ke saƙar.

Bari mu san abin da muke magana a kai. Duk wanda ya kwana daji ya sha ganin tauraro ya tsinke, ya ja wuta, ya ɓace. Ba tauraro ba ne. Tsakuwa ce ko dutse da ke yawo a sararin samaniya, ya shigo iskar duniyarmu da gudun da ya fi na harsashi nesa ba kusa ba, sai ya ɗauki zafi ya kama ci da wuta. Mafi yawa suna ƙonewa ƙurmus tun a sama. Kaɗan ne ke isowa ƙasa, da ƙara kamar ta aradu. Suna faɗowa ko'ina a duniya, amma a hamada ana yawan tsintarsu, don babu ruwan da zai sa su tsatsa su ruɓe, babu ciyawar da za ta rufe su, kuma baƙin dutse a kan farin tsandauri daga nesa ake hango shi. Wa ke taka wannan tsandauri da ƙafa rani da damana? Mu ne da ƴaƴanmu.

Kuma ba baƙon abu ba ne a yankinmu. Ran 21 ga Agusta 1991 ɗaya ya faɗo kusa da dutsen Tazerzait a jahar Tawa, mai kilo 110, wani yaron Abzinawa ne ya ga faɗowarsa. Yau gutsattsarinsa suna warwatse a hannun masu tara irin waɗannan kaya a Turai da Amurka. A 2004 wani ya faɗo a kan iyakarmu da Najeriya wajen Maigatari, kasuwar da da yawanku ke ci. Tun 3 ga Oktoba 1962 wani mai kilo 18 ya faɗo a Zagami, ƙasar Katsina, taku kaɗan daga inda wani manomi ke tsaye a gonarsa. Shi ma na Mars ne. Hukuma ta ɗauke shi ta kai ofishin binciken ma'adinai a Kaduna, daga baya aka yi ta yankarsa yana shiga hannun ƴan kasuwar waje. Sunan Zagami ya zaga duniya, sunan manomin kuwa ko a labari ba a ambatonsa.

Yanzu ga shari'ar da nake so kowa ya riƙe, don ko da a Amurka aka yi ta, kamar da mu ake. Ran 2 ga Mayu 1890 duwatsu suka zubo daga sama a jahar Ayowa. Ɗaya mai kusan kilo 30 ya faɗa wani fili, ya nutse cikin ƙasa wajen kamu biyu. Filin na wani mutum ne mai suna Goddard, amma ya ba wani hayar ciyawarsa, wato mai hayar yana da ikon kiwo a wurin. Washegari wani maƙwabci mai suna Hoagland ya zo, a gaban mai hayar ciyawa, ya haƙe dutsen ya kai gida. Bayan kwana biyu ya sayar wa wani masani mai suna Winchell a kan dalar Amurka 105. Mai fili ya ji labari ya kai ƙara.

Ku ji yadda kowa ya kawo hujjarsa. Wanda ya saya ya ce abin da bai taɓa zama na kowa ba, na wanda ya riga ɗauka ne, kamar kifi a gulbi ko barewa a daji. Mai fili ya ce a'a, daga lokacin da dutsen ya shige cikin ƙasata ya zama ƙasata. A 1892 babbar kotun jahar ta ba mai fili gaskiya. Alƙalai suka kwatanta da gulbi: in ruwa ya kwaso ƙasa da duwatsu daga wani wuri ya jibge a filinka, sun zama naka, ba mai zuwa ya kwashe don ba kai ka kawo su ba. Suka ce abin da sama ta jefo haka yake. Har yau da wannan hukunci ake aiki a Amurka.

To ina tambayarku, cikin mutanen nan huɗu, wane ne mu? Ba mu ne mai fili ba, ba mu ne mai saye ba. Mu ne mai hayar ciyawa, wani lokaci kuma mu ne mai tsinta. Mai ciyawa shi ne a wurin, dabbobinsa ke cin filin, a gabansa aka haƙa. Kotu ba ta ba shi ko ƙwandala ba, don ikonsa a kan ciyawa ya tsaya. Mai tsinta ya sha haƙa, shi ma abin bai zama nasa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai wata kuma a jahar Oregon ta Amurkar. A 1902 wani mutum mai suna Hughes ya gano dutsen sama na ƙarfe zalla, mai nauyin tan 15, a filin wani kamfanin ƙarfe da ke maƙwabtaka da shi. Ya kwashe wata uku shi da yaronsa da doki suna jansa a ɓoye har ya shigo da shi filinsa. Kamfani ya kai ƙara, a 1905 kotu ta mayar wa kamfani. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, tun kafin zuwan Turawa mutanen asalin wurin sun san dutsen nan, sun ba shi suna, suna zuwa wurinsa. Da aka zo shari'a, kotu ta duba mai takardar fili ne kawai. Sai a shekarar 2000 jikokinsu suka samu yarjejeniya da gidan tarihin Niyu Yok inda dutsen yake, aka yarda su riƙa ziyartarsa sau ɗaya a shekara. Shekara 95 kafin a ce ai ku ma kuna nan. Wanda aka taɓa nuna masa takarda a bakin rijiyar da kakansa ya gina, ya san ɗacin wannan.

Amma kada ku ɗauka duk duniya haka ake. A ƙasar Suwidin ɗaya mai kilo 14 ya faɗo a dajin wani mai dukiya a Nuwamba 2020, wasu masana biyu suka tsince shi. Kotun farko ta ba masu tsinta, kotun ɗaukaka ƙara ta ba mai fili a 2024, kotun ƙoli ta mayar wa masu tsinta a 2025. Dutse ɗaya, ƙasa ɗaya, hukunci ya juya sau biyu. A Indiya na gwamnati ne. A Kanada na mai fili ne, amma ba ya fita waje sai da izini. Ashe ba daga sama dokar take saukowa tare da dutsen ba. Mutane ne ke zama su rubuta ta, wanda bai halarci zaman ba kuwa shi ake mantawa.

Mu dawo gida. Wasu za su ce ai muna da al'ada, tsintuwa sai a yi cigiya. Gaskiya ne, amma ɓatacciyar saniya tana da mai ita, tana da shaida a kunne ko tambari a cinya. Ka kai ta wurin mai gari, mai ita ya zo ya faɗi kamanninta ya karɓa. Dutsen sama ba shi da tambarin kowa. Wa zai zo ya ce nawa ne ya ɓace?

Sai mu duba dokokin ƙasa. Doka ta 1961 ta shata iyakar noma ta arewa: daga wannan layi zuwa sama yankin kiwo ne. Kundin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 ya ba makiyaya haƙƙin amfani da makiyaya baki ɗaya, ya kuma ba su haƙƙin fifiko a mazauninsu, wato wurin da suka saba zama mafi yawan shekara, inda rijiyarsu take, inda suke komowa bayan sun dawo daga yawon kiwo. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ƙara ƙarfafa wannan, ta ce yawon kiwo haƙƙi ne, ta hana wani ya mallake yankin kiwo shi kaɗai. Dokoki ne masu kyau, da guminmu aka same su, kuma ba ma so a taɓa su. Amma ku lura da kalmar da aka yi amfani da ita. Haƙƙin amfani aka ce, haƙƙin fifiko aka ce. Ba a ce mallaka ba. Yankin kiwo na ƙasa ne, hukuma ke riƙe da shi. Ke nan in aka ɗauko hukuncin Ayowa aka dasa a nan, aka ce dutse na mai fili ne, to daga Tasara har Bilma duk dutsen da ya faɗo na gwamnati ne, ko da a bakin tantinka ya faɗo, ko da ya kashe maka akuya.

Akwai dokar ma'adinai, wadda ta ce arzikin da ke cikin ƙasa, irin su uraniyom da zinariya, na ƙasa ne. Wani zai ce dutsen sama ma'adini ne. Wani zai ce a'a, ma'adini a cikin ƙasa aka halicce shi, wannan kuwa baƙo ne da ya sauka jiya. Akwai kuma dokar kare kayan tarihi ta 30 ga Yuni 1997. Ta lissafa abubuwan da ba a fitar da su sai da izini, a ciki har da duwatsun da ba a cika samun irinsu ba, amma ba ta kira dutsen sama da sunansa ba. Kun ga kowace doka ta ɗan taɓo shi ta wuce. Inda doka ta yi shiru kuwa, mai kuɗi da mai katkat su ke magana, makiyayi sai kallo.

A kudu, yankin noma, maganar ta fi zafi, don can fili yana da mai shi, ko da takarda ko da gado. Ga misali. An yi girbi, hukuma ta sanar da sakin gonaki, yaronka ya shigar da shanu suna cin kara, ya ga baƙin dutse a tsakiyar gona ya ɗauka. Ko kuma manomi ne da kansa ya kira ka ka zauna masa a gona don taki, yana ba ka damin gero. A duka biyun ka shiga bisa ƙa'ida, amma kara da harawa aka sakar maka, ba gonar ba. Dokar da muka gada daga Faransa tana cewa mai ƙasa shi ke da abin da ke bisanta da abin da ke ƙarƙashinta. Ra'ayina a nan, kuma na san ba kowa zai ji daɗinsa ba: in a gonar mutum ne, kada ka ɗauka ka sa a jaka ka wuce. Kira shi, kira mai gari, a tsaya a gaban shaidu a yanka rabo tun ba a san darajar abin ba. Lokacin da dutse yake dutse, rabo ba ya wuya. Ranar da aka ji miliyoyi, ko ɗan uwanka ciki ɗaya sai kun je gaban alƙali. Mun ga an zubar da jini a kan zangarniyar gero, balle wannan. In kuwa a burtali ne, ko hurumin kiwo, ko bakin tafkin da kowa ke sha, manomin da ke kusa ba shi da ikon cewa nasa ne don yana daf da gonarsa. Shi ya sa kullum muke cewa a kafa alamun burtali, a rubuta su a wurin kwamitin filaye da muke kira Kofo.

Kuma shari'a tana cin riba. A 1954, a jahar Alabama ta Amurka, dutse ya huda rufin ɗaki ya bugi wata mata tana kwance. Gidan haya take ciki. Mai gidan ta ce nata ne, wadda aka buga ta ce ai ni ya zaɓa. Aka yi ta ja har masu haya suka biya mai gida dalar Amurka 500 ta janye. Kafin nan masu saye sun watse, sai gidan tarihi suka kai shi kyauta. Wani manomi a kusa da ya tsinci ɓarin dutsen, babu mai ja da shi, ya sayar ya sayi gida da mota.

To yaya ake gane shi? Sabon faɗowa yana da baƙar fata siririya kamar gindin tukunya, wani lokaci da ƴan lotsa-lotsa kamar an danna yatsa a cikin fura. Ya fi dutsen da ke daidai girmansa nauyi. Mafi yawa mayen ƙarfe yana kama su. Ba shi da ƙofofi kamar kashin maƙera. Ba shi da dafi, ba ya cutar da mutum ko dabba. Kada ku haɗa shi da gatarin aradu da tsofaffi ke ajiyewa. Wancan mutanen dā ne suka sassaƙa shi da hannu, kuma shi kam dokar 1997 ta kama shi kai tsaye, shi da kan kibau da tukwanen tsofaffin kufai.

In Allah Ya nufe ka da shi, kada ka fasa. A 1984 ɗaya ya faɗo wajen Gujba a arewa maso gabashin Najeriya, mai kusan kilo 100, irin da ba a cika samu ba, mutanen gari suka farfasa shi kowa ya kama gabansa da ɓari. Kada ka wanke, kada ka shafa masa mai. Kafin ka ɗaga, ɗauki hoto da salula yana kwance a inda yake, a ga sandarka a kusa, a ga tudu ko itacen da ke wurin. Riƙe rana da sunan wuri. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masana suna raɗa wa dutse sunan wurin da aka same shi. A Yuli 2011 wani na Mars ya faɗo a kudancin Maroko, makiyaya suka tsinto gutsattsarinsa, aka sa masa sunan ƙauyen Tissint, ga shi yau a manyan gidajen tarihi na Landan da Biyana da sunan ƙauyen. Amma dubban duwatsun da aka kwashe daga Sahara aka bi da su ta kasuwannin Maroko, irin su Erfud, lamba kawai ake ba su da haruffa uku, NWA, wato arewa maso yammacin Afirka. Namu na Agadas sunansa NWA 16788. Ba Shirfa, ba Kawar, ba Nijar a cikin sunan.

Bayan hoto, sai shaidu. Sanar da arɗo ko hakimi, a je ofishin magajin gari ko Kofo a rubuta cewa wane ɗan wane ya tsinci abu kaza a wuri kaza, rana kaza, nauyinsa kaza. A auna a sikelin kasuwa a gaban mutane. Ka riƙe kofin takardar. Na san abin da ke ranku: in na faɗa, za a ƙwace. Tsoron nan ba na banza ba ne, zan dawo kansa. Amma wanda ya ɓoye, wa zai sayar wa? Sai mai katkat da ya zo da dare, ya miƙa masa buhun shinkafa da sukari da ƴan jikkuna, ba shaida, ba takarda. In aka kama shi a hanya kuma ya ce ai wurin makiyayi ya saya.

Ku kuma fatake, kalma biyu. Cikin duwatsun sama sama da dubu 77 da masana suka rubuta a duniya, na Mars wajen 400 ne kacal. Mafi yawan sauran na gama-gari ne, da kilo ake sayensu, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Tun da labarin Agadas ya bazu, duk baƙin dutse ya zama na Mars a bakin ƴan damfara. Kada wani ya sa ka sayar da shanu ka sayi dutse. Ido ba ya ganewa, sai an yanki ɗan ɓari an auna a ɗakin bincike. Na biyu, muddin ba a ɗage umurnin 2025 ba, kada ka karɓi saƙon dutse ka cusa a motar shanu za ka ƙetare iyaka. In ƴan duwan suka gani, ba dutsen kaɗai za su tsare ba, har mota da bisashen da ke ciki, su kwana uku a rana ba ruwa.

Wani haɗarin kuma ya fi wannan. Kun tuna 2014 da aka ga zinariya a Jado. Cikin ƴan makonni dubban mutane suka cika wurin da motoci da na'urori, ruwa ya yi tsada, tsaro ya lalace, har hukuma ta rufe wurin a 2017. Duk abin da ya sa daji ya yi daraja a idon mutanen birni yana jawo baƙi bakin rijiyarmu. Gobe wani yana iya zuwa da takardar izinin neman duwatsu a kan fili mai faɗin tafiyar kwana biyu, ya ce raƙuma su kauce. Dokar karkara ta ce ba a raba makiyayi da haƙƙinsa na fifiko sai don amfanin jama'a, kuma sai an biya shi diyya tukuna. Mu riƙe wannan da kyau.

Ni ba na cikin masu cewa a bar kowa ya kwashe ya sayar yadda ya ga dama. Dutsen Agadas ya kamata ƴaƴanmu na lakwal su je su gan shi a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, ɗaliban jami'ar Abdu Mumuni su yi karatu a kansa. A Sudan, da ɗaya ya tarwatse a hamadar Nubiya a Oktoba 2008, ɗaliban jami'ar Khartum ne suka jeru suka taka hamada suka tsinto gutsattsarin, da malaminsu a gaba. Amma kuma ba na cikin masu cewa a rubuta layi ɗaya, "na gwamnati ne", a rufe littafi. Dokar da ta ce kawo ka tafi hannu wofi, ba mai kawowa. Sai dai ta ƙara wa ƴan fasa-ƙwauri kasuwa. A ƙasar Danmak dutsen sama na ƙasa ne, dole a miƙa shi, amma hukuma tana biyan wanda ya tsinta lada gwargwadon darajar abin. Shi ya sa mutanensu ke kai wa da kansu.

Abin da nake roƙon wannan zama ya amince mu rubuta wa ma'aikatar ma'adinai da ta kiwo ke nan. In za a tsara dokar dutsen sama, a kira wakilan makiyaya tun wurin tsarawa. A rubuta rabon mai tsinta ƙarara, da lamba, kada a bar shi ga alherin wani ma'aikaci. In a mazaunin wasu makiyaya aka samu, a fitar da wani kaso a gyara musu rijiya ko a sa a bankin abincin dabbobi, tun da su ke tsaron wurin. In a gona ne, a raba tsakanin mai gona da mai tsinta. Wanda ya kai da kansa ya bayyana, kada a tsare shi, kada a karɓe ba tare da rasit ba, kuma awon ya zama kyauta. Izinin neman duwatsu kuma kada ya zama hujjar hana kiwo ko shan ruwa.

Magatakarda yana nan da takarda. Wakilin kowane yanki ya tsaya bayan sallar la'asar ya faɗi abin da yake so a ƙara ko a rage, musamman ku mutanen Ingal da Tasara da Ngurti, da ku na bakin iyaka da ke cin kasuwannin Najeriya. Arɗo, na ga tun ɗazu hannunka yana sama. Bismilla.